Akushin Mushe

Da sassafen nan matar autana ta katse mini lazimi da kururuwa. Tana tsaye tsakar gida da tsintsiya a hannu, tana ƙwala wa ɗiyarta ta fari kira, sunan nan gatsal, har da wani ƙari na shagwaɓa a bayansa, wai ta yi maza yau ake komawa lakol, makarantar boko ke nan, in suka makara ba za ta sami wurin zama ba. Na ce oh ni jikar mutum huɗu! Ɗiyar fari, a kama sunanta a tsakar gida kamar ana kiran akuya, kuma wai don a kai ta lakol da gudu. Na leƙa waje na ga hanya cike da iyaye, kowa na jan nasa, ana rige-rigen zuwa gaban dirakta a roƙe shi ya karɓa. An ce bana ma ajin ƙanana rumfar kara ce, an ce mushensu, malamin ajin, bai iso ba tukuna, an ce yaran sun fi ƙarfin tabarmin da ke akwai. Duk da haka gudu suke yi. Ni da lakol ta ci ƙuruciyata, ta kuma ba ni abin da na ci har na tsufa, ban taɓa ganin ranar buɗe ta ba gabana bai faɗi ba. In kuma kun ga ina ɗanɗana miya kafin a fita da ita wurin baƙo, ku daina yi mini dariya, ina da dalilina.

Ƙauyenmu yana kudu da Gazawa, dab da iyaka, inda in akuyarka ta ɓace da hantsi sai ka same ta da la'asar tana kiwo a wata ƙasa. Lokacin ba Nijar da Nijeriya muke cewa ba, Faranshi muke cewa da Ingilishi, kuma ko da aka ce Nasara ya tafi mun sami mulkin kai, bakin tsofaffi bai sake ba. Abin da na fi tunawa da garin shi ne kaka. Tun asuba lugude ke tashe ka, turmi na amsa wa turmi daga wannan shinge zuwa wancan, mata na tafa hannu kafin taɓarya ta sauko. Maza na shigowa da dammunan hatsi a ka, jakuna na nishi ƙarƙashin buhunan gyaɗa, ƙurar sussuka na shiga wuya ta hana ka sakat. Mu yara aikinmu korar kaji daga shanya, da kalar gyaɗa a gonakin da aka gama cira, da ɗebo wuta a sakaina daga gidan maƙwabta. Yanzu injin niƙa ya haɗiye luguden nan duka, yarinya sai ta yi aure ba ta san nauyin taɓarya ba.

Mahaifina ban san shi ba, ciwon ciki ya ɗauke shi ba a daɗe da yaye ni ba. Inna kuwa daga hayin iyaka aka auro ta, daga wani gari na ƙasar Katsina, shi ya sa har ta koma ga Allah 'yar Ingilishi ake ce mata. Da ta fita takaba 'yan'uwanta suka zo tafiya da ita, ta ce a bar ta tukuna. Kowa ya san dalili ko da ba a faɗa ba: ɗa na gidan ubansa ne, in ta tafi ita kaɗai za ta tafi. Baffa, wan mahaifina, shi ne mai gida, ya bar mata ɗakinta, amma zaman aro ne, ranar da ya ga dama zai ce ya isa. Ga shi ni ce ɗiyarta ta fari, kuma ni kaɗai gare ta. Ku na yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba. Inna ba ta kama sunana, ba ta riƙe hannuna gaban mutane, in na faɗi ina kuka sai ta kau da kai kamar ɗiyar wasu ce. "Ke" take ce mini, in da wani take magana ta ce "waccan". Gwaggo, ƙanwar Baffa da ke zaune a gidan tun mutuwar aurenta, ita ke yi mini kitso, ita ke kiran sunana. Amma na san wadda ke ɓoye mini ƙanzo a ƙarƙashin faifai.

To, a irin wannan kakar ce aka ce gwamnatin 'yan ƙasa za ta buɗe mana lakol. Kafin nan labarinta kawai muke ji, yadda ake kama ɗiyan mutane a kai su Tasawa, su dawo ba su iya riƙe hauya ba, suna gaida iyayensu a tsaye. Mai gari ya tara dattawa ya ce wannan daban ce, tamu ce, a cikin gari za ta zauna. Baffa ya dawo yana tsaki ya ce, "Gardin nan, dogarin gwamnati da ya zo karɓar gyaɗa bara, shi ya kawo wannan magana, da bulalarshi a hannu. Mi ya sake?" Ba gini, ba abin zama, ba komai. Aka sa samari su sari kara su saƙa zana, su kafa rumfa a bayan gari wajen tsamiya. Su kuma suka riƙa jan aikin da gangan, yau a ce igiya ta ƙare, gobe a ce awaki sun cinye gefe guda, wai ko gwamnati za ta gaji ta manta da mu.

Ba ta manta ba. Rumfa ba ta ko kammala ba sai ga mushe, wato malamin lakol, motar gyaɗa ta sauke shi Gazawa, jaki ya ƙaraso da akwatinsa. Saurayi ne siriri, mutumin can ƙasashen bakin teku, da gajeren wando gwiwoyi a waje, Hausarsa ba ta wuce sannu da ruwa da 'yan kalmomin da ba su taka kara sun karya ba. Aka ba shi wata bukka kusa da rumfar. Ba mata gare shi ba, ba tukunya, garin kuma ba mai tuwon sayarwa, don haka mai gari ya yanka cewa gida-gida za a riƙa kai masa tuwon maraice har ranar da za a ɗebi yara. Aka fara kaiwa. Kowane gida ya kai, sai akushi ya dawo yadda ya tafi, in ka ɗauke ɗan gutsure a gefe. Maza suka ce raini ne. Wasu suka ce tsoron sammu yake, kuma da bai san da mugun abin da ya kawo ba da bai ji tsoro ba. Mutumin kuwa sai ramewa yake, ana hango shi gindin tsamiya yana ɓarar ɗanyar gyaɗa yana shan takanɗa.

Da layi ya zo gidanmu matar Baffa ta tafi wankan jego gidansu, sai girkin ya faɗa kan Inna. Ta tuƙa tuwon hatsi, ta kaɗa miyar kuka da daddawar kalwa irin wadda 'yan'uwanta ke kawo mata ran kasuwar Gazawa, don mu a nan daddawar batso muka sani. Ta ɗora mini akushi a ka ta ce, "Ke, kai ki dawo, kada ki tsaya." Na same shi zaune bisa akwatinsa. Ya buɗe, ya sunsuna, ya taɓa miyar da kan yatsa ya kai harshe, ya yi jim yana kallona. Sai kuwa ya sa hannu. Kai, ban taɓa ganin babba ya ci tuwo haka ba! Ya cinye tas, ya sa yatsa ya suɗe, ya ɗauko buta ya wanke akushin. Ni kuwa haushi ya cika ni, don a wurinmu baƙo yakan rage loma ko biyu saboda yaron da ya kawo, kuma ba a taɓa wanke wa masu gida akushi. Da ya ga na turo baki sai ya laluba aljihu ya ba ni ƙwayar sukari. Haka na ratso tsakiyar gari, akushi kife a kaina yana ɗigar ruwa, ina tsotsar sukari, mutane na zaune ƙofar gidajensu suna bin ni da ido.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Washegari mushe ya je wurin mai gari, da hannu da ka ya nuna masa cewa tuwon gidan nan yake so kullum. Mai gari ya aiko, Baffa bai isa ya ƙi ba. Kowace maraice ni ce a hanya, kowace maraice akushi ya dawo a wanke. Nan fa magana ta tashi. A dandali maza na cewa, me ya sa na kowa yake dawowa sai nata? Me take sa masa, ko kuwa me take aika masa? Wani ya rantse cewa 'yan Ingilishi duk suna jin yaren Nasara, wani ya ce sukarin nan ba banza ba, lada ne. Inna da ko fuskar mutumin ba ta taɓa gani kusa ba! A rijiya mata suka daina ara mata wasaki, in ta iso sai hira ta mutu, sai ƙarar guga kawai. Ta dawo ta ajiye tulu ta ce wa Gwaggo, "Ni dai na san kalwa ce. Can ƙasarsu wataƙila ita suka sani." Gwaggo ta ce, "Wataƙila," ta ci gaba da kaɗinta.

Ana cikin haka ranar ɗibar yara ta zo. Tun kafin nan kowa ya ɓoye nasa, wasu an tura su rugar Filani, wasu an ƙetara da su iyaka, waɗanda suka rasa wurin kaiwa aka zura su cikin rumbu aka rufe da dammai. Baffa ma haka ya yi da ɗansa namiji. Gardi ya iso bisa doki da hantsi, mai gari na gabansa a ƙasa. Ba su yi wani bincike ba. Kai tsaye suke zuwa rumbun da ke da yaro, gardi ya buga masa gindin bulala ya ce a fito, har suka zo namu aka zaro ɗan Baffa yana atishawa. Aka jera mu gindin tsamiya. Lokacin ba mai takardar haihuwa, gwajin ɗaya ne: ka ɗaga hannun dama ka bi da shi ta tsakiyar kai ka taɓo kunnen hagu. In ya kai ka isa lakol, in bai kai ba ka koma gida. Ni ba a ɓoye ni ba, don ko famfara ban yi ba. Gardi ya ɗaga hannuna, yatsuna suka tsaya can sama da kunne, ya tunkuɗa ƙeyata ya ce, "Tahi gida." Na ruga da murna, ban san a idon mutane wannan ce shaidar ƙarshe ba.

Wa ya nuna rumbunan? Har gobe ina da wanda nake zargi, mutumin da ke tafe gaban doki yana kallon ƙasa, wanda in bai cika yaran da aka ce ya kawo ba rawaninsa ne zai tafi. Amma wa ya isa ya nuna mai gari da yatsa? Baƙuwa marar miji ta fi sauƙin nunawa. Bayan la'asar Baffa ya shigo ya tsaya ƙofar ɗakin Inna, ta fito ta durƙusa. Ina maƙale jikin turmi ina jin su.

Ya ce, "Ban ce kin yi ba, ban ce ba ki yi ba. Amma ɗana shina cikin rumfar can, taki ga ta nan tana wasa. Na je masallaci ba mai ba ni hannu. Ran kasuwar Gazawa 'yan'uwanki za su zo. Ki haɗa kayanki."

Inna ta ce, "Yaya, wallahi ko muryar mutumin nan ban sani ba. Ku kuka ce in tuƙa."

"Na ce ki tuƙa. Ban ce ki sa shi ya suɗe ba."

Inna ta ce a hankali, "Waccan hwa?"

"Waccan gidan ubanta take."

Gwaggo na zaune gefe da mazari a hannu. Na ga mazarin ya tsaya.

Bari in tsallaka gaba in gaya muku abin da ban sani ba sai da na fara furfura, don ku san su wa ke tsaye a wurin washegari. Bayan rasuwar Inna muna zaman makoki, aka kawo miya ta yi ɗaci, sai Gwaggo, ta tsufa tukuf lokacin, ta ƙyalƙyale da dariya ta ce wannan ai miyar mushe ce. Na ce wace miyar mushe? Ta ce ashe ban sani ba? Kafin mutumin ya iso, matan gari sun haɗa baki a rijiya, wata tsohuwa ta daka musu magani da sassaƙen maɗaci, kowane gida aka ba shi ƙulli, a riƙa barbaɗa masa a miya don garin ya fita ransa ya koma inda ya fito. Maza ba su sani ba. Inna ma ba a gaya mata ba, an ce baƙuwa ce, ba a san cikinta ba. "Ƙullin gidanmu ga hannuna yake," in ji Gwaggo, "uwarki ko ba ta ɗagawa daga gindin murhu, ban samu zubawa ba." Na ce, Gwaggo, ke nan kun san abin da ya sa yake cin nata? Ta ce, "Duk macen da ke garin ta sani." Na ce, kuka yi shiru? Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. "In mun buɗa baki a kwashe mu zuwa Tasawa, a ce mun ba ma'aikacin gwamnati guba. Ita ko iyaka kawai za ta ƙetara." Ban ci tuwon ranar ba, kuma har Gwaggo ta mutu ban sake cin abin hannunta ba.

To, mu koma. Ana gobe kasuwa, da hantsi, Inna ta yi mini wanka da kanta, ta shafe ni da man shanu, ta ɗaura mini zanen salla. Na ɗauka tare za mu gudu, har ina murna. Da muka kai ƙofar gida sai ta kama wuyan hannuna. A waje, gaban mutane! Maza da ke zaune suka bi mu da kallo, ita kuwa ba ta dubi kowa ba, ta miƙe da ni bayan gari. Wajen rumfar cike yake da mata, suna leƙen ɗiyansu ta kafofin zana, wasu na sharar hawaye, Gwaggo ma na cikinsu ta kawo wa ɗan Baffa fura. A ciki yara na zaune cikin rairayi suna maimaita abin da ba su san ma'anarsa ba. Mushe ya fito, ya gan ni ya yi murmushi, yana duban kaina ko akwai akushi. Inna ta nuna ni, ta nuna rumfa. Ya girgiza kai ya ce, "Ƙarama. Baɗi."

Inna ta jawo ni gabanta. Ta ɗaga hannuna ta bi da shi ta tsakiyar kaina, yatsuna suka tsaya inda suka tsaya a hannun gardi. Sai ta sa ɗayan hannunta ta danne kaina gefe, ta ja. Na ji kafaɗata ta yi ƙas, na ƙwalla ƙara, ba ta saki ba sai da kan yatsana ya taɓa kunne. Tana riƙe da ni a haka ta juya da ni, ba wajen mushe ba, wajen matan nan, ta bi su da ni ɗaya bayan ɗaya don kowa ta gani da idonta. Wurin ya yi tsit, har kana jin akuya na tsinkar zana a bayan rumfa.

Mushe ya dubi matan, ya dubi Inna, ya daɗe. Ban san abin da ya gane ba, amma murmushin ya tafi. Ya ce, "Suna?"

Inna ta waiga wajen Gwaggo, don ita ya kamata ta faɗa. Gwaggo ta sunkuyar da kai tana gyara marfin ƙwarya. Inna ta dubi sauran matan, duk sun san sunana, wasunsu sun ci tuwon sunan ma, ba wadda ta motsa baki. Mushe ya sake cewa, "Suna, madam?" Sai na ji ta faɗa, can ƙasa-ƙasa kamar mai gaya wa kanta. Bai ji ba, ya karkato kunne. Dole ta sake faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. Wata tsohuwa ta ce subhanallahi, ta rufe baki da gefen zane. Inna ta saki hannuna, ta juya ta nufi gida ba ta waiwayo ba, ni kuma mushe ya shigar da ni ya zaunar da ni gaba, don a baya ba a hango ni.

Kasuwa ta ci ta watse, 'yan'uwan Inna suka kawo kalwa suka koma, Baffa bai sake ta da maganar kaya ba. A rijiya aka koma ara mata wasaki, har da masu yi mata jaje, wai ashe ita ma an cuce ta. Ta zauna a ɗakinta, in na taso daga lakol na tarar da ƙanzona ƙarƙashin faifai. Rumfar nan ruwan farko ya kwantar da ita, kowace kaka sai an sake kafa wata, kuma cikin waɗanda aka fara da su yawanci sun zame sun koma gona. Ni ce ƙaramar da ba ta isa ba, ni ce kuma na ƙi faɗuwa, har lakol ta ɗauke ni zuwa Maradi, daga can aiki ya yi ta yawo da ni, sai in shekara ban ga garin ba. Rabuwar da Inna ta ja hannuna don ta hana, sai da ta zo, ta dai yi mata jinkiri. Ranar da zan tafi ba ta raka ni ba, tana bayan shinge na ji tana ce wa Gwaggo, "Ku ce ma waccan ta riƙa rufe kanta."

Ɗazu da matar autana ta dawo daga rakiya tana murna an karɓi yarinya, ta ce, "Hajiya, lafiya kika yi shiru tun safe?" Na ce lafiya lau, kafaɗata ce ke ɗan ciwo. Me zan ce mata? Ita kafin azahar ta kama sunan ɗiyarta ya fi a ƙirga, ba ta ma san tana yi ba. Ni sau biyu na ji sunana a bakin uwata, duka a safiya ɗaya, kuma duka biyun ba kirana take ba, miƙa ni take yi.